Taken da Baba Ya Binne

Injin ban-ruwan Kawu Ɗanjuma na gama gyarawa ranar, na ɗaure shi a bayan mashin zan kai masa gonarsa da ke kusa da Gwandu, sai ga ƙanena Muzzammil ya ɓullo ta bayan shago ya ce zai bi ni. La'asar ta riga ta yi sanyi. Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ko da Sallah sai an yi masa jan ido kafin ya je gaida Inna, wai gidanmu na Gwandu ba sabis, shi ne yau yake roƙon a tafi da shi, ba jaka, ba shiri, leɓensa a bushe.

"Lahiya?" na ce.

"Lahiya lau, Yaya. Inna nika son gani."

Ban yarda ba, amma na matsa gaba, ya matse tsakanina da injin, muka bar Kalgo.

Sunana Atiku, gyaran injin ban-ruwa nake yi. Mutane na cewa na cika zargi, ban kuma musa ba. Wanda ya yi shekaru yana jin manoma suna rantsuwa ba su taɓa buɗe inji ba, alhali ga sukurori an ɗaura su a karkace, dole ya koyi duban idon mutum kafin ya saurari bakinsa. Idon Muzzammil kuwa ranar ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Shagon cajin waya yake da shi a bakin kasuwa, amma ba a nan zuciyarsa take ba. Zuciyarsa na wajen resilin, kokawar Turawan nan da ƙarti ke shafa mai, su sa ɗan kamfai, su yi ta buga wa juna kujera ba wanda ke mutuwa. Ni ɗan makaɗin kokawa ne. Na ga maza sun kama juna a fili har ƙashi ya yi ƙara, saboda haka abin nan dariya yake ba ni. Shi kuwa kallon ma bai ishe shi ba. Sai ya buɗe zaure a WhatsApp ya fara ƙirƙirar labaran resilin da Hausa, yana rubutawa, yana kuma karantawa da muryarsa ya tura. Ya sa ni a zauren, na kashe ƙararsa tun ranar farko, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Amos ne ya fara ja mini kunne. Mutumin Zuru ne, shi ke da gidan kallon da samarin unguwa ke cika in ana nuna wasan. Wata rana ya kawo janaretonsa gyara, ya tsaya a kaina yana juya makulli a yatsa.

"Malam Atiku, ka yi wa ƙanenka magana," ya ce. "Ni nake nuna wasan nan, na san shiri ne, in sun gama su je su ci abinci tare. Amma a labarinsa ba wanda ke tashi. Ya ƙirƙiro wani wai shi Ɗan Kushewa, duk wanda ya kayar sai ya ja shi rami ya rufe da ransa. Jiya telan bakin kasuwa ya binne, har yana faɗin yadda ƙasa ke cika masa baki, yana kiran sunan 'yarsa. Kuma telan ne da kansa ya roƙa a sa shi! Yanzu layi ake yi, kowa na so a binne shi."

Na yi dariya na ce ai surutu ne na waya.

"Surutun ban damu da shi ba," in ji Amos. "Akwai wani kiɗa da yake sawa kafin mutumin ya shigo. Ka san kowane ɗan resilin da waƙar shigowarsa. To wannan, in na ji shi, sai na rasa abin da ya sa nake son in tashi tsaye."

Na ce zan yi masa magana. Aiki ya sha kaina, ban yi ba.

Mun wuce Birnin Kebbi rana na ja, mun wuce Ambursa ta fara nutsewa. Tun daga nan na lura mashin ɗin na karkacewa, saboda Muzzammil sai juyawa yake yana duban baya.

"Mi kaka nema baya?" na ce da ƙarfi saboda iska.

"Ba komi."

"In wani ka taɓo da rubutunka ana biɗarka, gara ka gaya min tun yanzu."

Sai ya kawo bakinsa kusa da kunnena. "Yaya, ba ka jin komi?"

"Ina jin ƙarar mashin da ƙaryarka."

Bai yi dariya ba. Sanyin hannunsa da ke riƙe da rigata na ratsa yadin har fatata.

Bayan Dalijan muka sauka daga kwalta muka ɗauki 'yar hanyar ƙasa da ke gangarawa fadama. Kaka ce, an yanke gero, karare ne kawai tsaye hagu da dama. Manoma duk sun tashi. Daga nesa ana hango hayaƙin wani ƙauye, sama ta yi ja kamar an zuba manja. Na ƙara wuta don mu riski magariba a bukkar Kawu.

Sai mashin ya mutu.

Bai yi tari ba, bai yi gargaɗi ba. Kamar an zare masa rai. Na sauka na girgiza tanki, akwai mai. Na kwance fulogi na duba, tsaf yake. Na taka kik har cinyata ta ɗau zafi, ko tsaki bai yi ba.

A nan na fara jin warin. Warin ɗanyar ƙasa, irin wadda aka tono daga ƙasan rami. An daɗe da ɗauke ruwa, hanyar da muke kai a bushe take ƙamas. Ƙarƙashin warin kuma akwai wani, na tsohuwar fata da man shanu da ya daɗe.

Na miƙe na saurara. Ba tsuntsu. Ba gyare. Ko kararen ba sa motsi.

Sannan ganga ta fara.

A hankali take tafiya, can cikin gona. Bugu, shiru, bugu biyu a jere. Sifanar da na kwance fulogi da ita ta suɓuce daga hannuna. Ban ji kiɗan nan ba tun ina yaro, amma jikina ya gane shi kafin kaina ya gane.

Kowane gwanin kokawa yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, wanda in ya ji zai taso ya shigo fili. Babanmu Ɗahiru, Allah ya jiƙansa, shi ke yi wa Abdulbaƙi na Masama nasa. Abdulbaƙi mutum ne mai kunya, ko yaro ba ya iya yi wa tsawa. Amma taken yana farawa a hankali, sannan ya juya ya yi sauri, kuma a juyin nan ne idonsa ke birkicewa. Daga nan wanda ke cikin fili ba shi ba ne. Ya karya wa mutum baya a gaban idona, da aka yayyafa wa Abdulbaƙi ruwa ya dawo hayyacinsa yana tambayar wa ya yi wannan aiki, yana kuka. Da ya rasu, makaɗa suka taru a filin, Baba ya kaɗa taken sau na ƙarshe, ya sa wuƙa ya farke fatar gangar, aka haƙa rami aka rufe ta. Haka suke yi wa taken irin waɗannan mutane. Mai shi ya tafi kabarinsa, amma abin da ke hawansa bai mutu ba, kuma kiran kawai ya sani. Muzzammil ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin.

Na juya na fizge wayar daga aljihunsa.

"Kashe shi! Ina kas samo wanga kiɗi?"

"Kashe take, Yaya. Tun Kalgo."

Na danna, fuskar wayar baƙi ƙirin. Na lalube shi daga ƙirji har ƙafa ina neman 'yar sifika. Babu. Na duba ƙarƙashin injin, na duba cikin buhun da na naɗe shi. Babu.

Zuciyata ta ce shiri ne. Shi da abokansa, sun ɓoye cikin karare da waya a hannu, suna ɗaukar ɗan makaɗi yana rawar tsoro don su tura zaurensu. Har na ji daɗin tunanin. Na ɗaga murya.

"Ku hito! Na gane ku! Wallahi duk wanda na kama sai na ɓalla mai waya!"

Muryata ta tafi ba ta dawo ba. Gangar ba ta ko yi jinkiri ba.

"Ba kowa, Yaya," in ji Muzzammil, da ƙyar nake jinsa. "Cikin akwatin Baba na ga wani kaset, ba rubutu bisa. Na sa a tsohuwar rediyon Inna, na ji kiɗin ya yi min, na ɗauka da waya. Ina son Ɗan Kushewa shi samu nashi kiɗin shigowa. Ban san na wa na ba."

Na tuna. Ranar binne taken wani baƙo ya zo da rakoda, Baba ya ƙwace kaset ɗin. Ashe bai fasa shi ba.

"Tun randa na hwara sa shi nika jin shi da magariba," ya ci gaba. "Da hwari nesa. Kullum shina matsowa. Jiya bayan shagona na ji shi. Shi ya sa nika son tambayar Inna."

"Mi kar rubuta yau?"

"'Yan zaure sunka ce an binne kowa, saura marubuci. Sunka dame ni. Da rana na tura. Ni da shi. Na rubuta ba hwaɗuwa, ba rabawa, sai an ruhe ɗaya."

Na ɗaga hannu zan mare shi.

Sai taken ya juya.

Muzzammil ya zare ƙafarsa daga takalmi. Ya zare ɗayar. Fuskarsa na kallona, hawaye na zuba, ƙafafunsa kuwa sun nufi gona.

"Yaya, riƙe ni."

Na cafki rigarsa. Ta yage a hannuna. Na rungumo ƙugunsa, ya ja ni kamar sa na jan garma. Karare na yankar mini fuska. Na buɗe baki zan karanta Ayatul Kursiyyu, harshena ya yi nauyi, na kasa wuce farkonta.

Muka faɗo wani fili.

An share shi tas, an zagaye, an baje ƙasar da laushi kamar yadda ake yi ranar wasa. Ba sawun tsintsiya. Ba sawun ƙafa. Ba makaɗi, ga kiɗa kuwa kamar a cikin ƙirjina ake yinsa.

A gefe akwai rami. Dogo, daidai tsawon mutum. Ƙasar da aka fitar tana jiƙe, an soke shebur a kanta.

Wani ƙato kuma yana tsugune a bakin ramin, ya ba mu baya.

Ya miƙe a hankali. Na ji layu suna gogar juna. Warki ne a ƙugunsa, kambu a kowane damtse, laka ta lulluɓe shi tun daga wuya. Tsayin Abdulbaƙi ne, faɗin kafaɗar Abdulbaƙi ne, har da ɗan karkacewar ƙafar hagu.

Ya juyo.

Ba zan faɗi fuskar ba. Idon dai na sani. Shi ne idon da ke zuwa bayan juyin kiɗa.

Har a lokacin, wallahi, wani lungu na zuciyata na cewa ƙato ne suka ɗauko suka shafa wa laka. Na dubi ƙirjinsa. Ina jiran ya ɗaga. Mutum ba ya iya riƙe numfashi haka.

Bai ɗaga ba.

Ya sunkuya, ya miƙo hannuwa biyu. Gayyatar kokawa ke nan.

Muzzammil ya fizge daga hannuna. Yaron da ko kaza bai taɓa kayarwa ba, ya sunkuya shi ma, yana kuka, ya miƙa nasa.

Ban ga kamun ba. Na dai ji ƙarar bayansa a ƙasa, da iskar da ta fita daga bakinsa. Kansa ya karkace. Ya yi shiru.

A kokawa an gama ke nan. Ko yatsa mutum ya dafa ƙasa an kayar da shi, mai nasara ya ja baya.

Wannan bai ja baya ba.

Ya kama idon sawun Muzzammil. Ya fara ja.

Sautin da bayan ƙanena ke yi a kan ƙasa, shi ne har yau ke hana ni cin abinci wani lokaci. Sss. Shiru. Sss. Hannuwansa na biye a baya kamar tsumma.

Na ɗauki hoge na jefa. Ya bugi kafaɗar ya tarwatse, ko waiwayowa bai yi ba.

Na faɗa na riƙe hannun Muzzammil. Aka ja mu tare.

Ƙafafunsa sun kai bakin ramin. Ƙasa ta fara zubewa ciki. Ban ji ta kai ƙasa ba.

A nan na tuna abin da nake gani ina yaro. Duk haukan da idon nan ke yi, bai taɓa ci gaba ba bayan alƙalin wasa ya ɗaga masa hannu. Ba ya jin roƙo, ba ya jin kuka, amma ya san dokar fili. Muzzammil ya kira shi da dokar labari. Ni na san wadda ya girma da ita.

Na saki ƙanena. Na miƙe. Na kama wuyan hannun da ke sake.

Sanyi. Santsi. Nauyi kamar jiƙaƙƙen buhun shinkafa.

Na sa kafaɗata na ɗaga shi sama.

"Ka kada shi!" Muryata ta fito kamar ta mace. "Abdulbaƙi ya yi kaye! Kowa ya gani! An gama!"

Kiɗan ya tsaya cak.

Ƙafar Muzzammil ta faɗi a bakin ramin.

Yatsun nan suka juya a hankali suka naɗe wuyan hannuna. Ya sunkuyo. Warin ƙasa ya cika mini hanci da baki. Maganar ba daga leɓe ta fito ba, daga can ciki take, kamar mai magana a rijiya.

"Ɗiyan Ɗahiru."

Muryar ta ci gaba.

"Ubanku ya ruhe ni. Wa ya tone?"

Na dubi Muzzammil a kwance, baki buɗe, ƙasa a gashinsa. Ni na ɗauke shi ranar sunansa. Ni na yi wa Baba alkawari a gadon asibiti.

"Ni na," na ce.

Ya daɗe yana kallona. Ban sani ba ko ya yarda. Na san dai ya karɓa.

Ya sake ni. Ya ja baya. Ya sunkuya, ya miƙo mini hannuwa biyu.

Jikina ya fara sunkuyawa da kansa.

Na dubi yamma. Jan nan ya mutu, sauran toka-toka.

"Rana ta hwaɗi," na ce da sauri, kafin hannuwana su ɗaga. "Wasa ya tashi. Ba a kokawa ba kiɗi, kai ma ka sani. Sai an sake kaɗa ma."

Layu suka motsa.

"Sai an kaɗa," in ji shi.

Ban tsaya ganin inda ya nufa ba. Na saɓa Muzzammil a kafaɗa na kutsa cikin karare, ina faɗuwa ina tashi. Na ji gyare sun dawo da kuka gaba ɗaya, na kuma jiyo kiran salla can nesa, kamar da ma ana yi kunnena ne aka toshe. Na kwance injin Kawu na yar a hanya, na ɗora ƙanena a gabana. Taku ɗaya mashin ya tashi.

Muzzammil ya yi kwanaki yana zazzaɓi a ɗakin Inna. Shatin yatsu ya fito a idon sawunsa, baƙi, ya daɗe bai baje ba. Inna ba ta yi tambaya mai yawa ba. Ta ɗauko kaset ɗin ta jefa a murhu, ta tsaya a kai har ya narke, ta aika aka yi sauka aka yi sadaka. Washegarin faruwar abin ni da Kawu mun koma ɗauko inji. Mun zaga gonar kaf, ba fili, ba rami, sai takalman Muzzammil a jere a bakin hanya.

Da ya warware ya goge komai daga wayarsa a gabana, ya rufe zauren. Abin da ya tuna ya tsaya a lokacin da bayansa ya bugi ƙasa. Na ce masa addu'a na yi ta yi har abin ya ɓace, ya rungume ni yana kuka. Ni kuwa a raina har ina yaba wa kaina. Kaset ya ƙone, gangar na ƙarƙashin ƙasa, makaɗan da suka san taken duk sun rasu. Wa zai sake kaɗawa? Na ɗauka na yi wa aljani wayo.

Amos ne ya zo shago bayan mun dawo Kalgo, ya ce ya ji an rufe zaure, ya yi murna.

"Sai dai kiɗan nan ya riga ya fita, Malam Atiku," ya ce. "Yara sun yanko shi daga labarin sun mai da shi ƙarar kira. Na ji shi a wayar wani a Jega. Wani direba ya ce har Argungu ana tura shi. Bari ka ji, ina jin ni ma an turo mini."

Na riƙe masa hannu da ƙarfin da ya sa ya yi ƙara.

Tun daga ranar nake bin mutane. Gidan kallo, tasha, wurin masu shayi. In roƙi mutum ya goge, ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da na saba yi wa mutane. Wasu sun ce talla muke yi, sabon labari zai fito. Wasu sun ce hassadar ƙanena nake yi. Wanda ya goge a gabana, ban san wa ya tura wa kafin nan ba. Na daina shiga motar haya. Na daina zuwa ɗaurin aure. Kafin la'asar ta yi sanyi nake rufe shago.

Makon jiya aiki ya tsare ni, na tsaya sayen tumatir a kasuwar Kalgo rana na ja. Waya ta yi ƙara a bayana. Bugu, shiru, bugu biyu a jere. Warin ɗanyar ƙasa ya taso daga tsakanin kwanduna. Mai wayar na ta lalube cikin babbar riga yana tsaki. Ya same ta gab da juyin, ya ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?"

Sai na ji mutane na dariya. Ashe ina tsakiyar hanya a sunkuye, tumatir a warwatse, hannuwana biyu a miƙe.

Muzzammil ya yi ƙiba yanzu, ya koma dariya, an sa ranar aurensa bayan Sallah. Bai san abin da na ce a bakin ramin ba, kuma ba na so ya sani. Ni dai na gaya wa matata inda takardun gida suke. Domin a garin nan akwai mai barin wayarsa a caji ya tafi masallaci, kuma wata magariba za a kira shi, ta yi ta ƙara ba mai ɗauka.